Injiniya Lukman da Kebul Mai Rami Tara

Kowace unguwa da nata masani, amma na Rukunin Gidajen Salama da ke Garki ya fi na kowa baki. Sunansa Lukman. A ma'aikatar da yake aiki shi ne mai shirya bikin ƙaddamarwa: jera kujeru, ɗaura jan ƙyalle, ɗora almakashi a faranti, da sanin wa zai zauna kusa da wa. Shekara goma sha huɗu yana wannan aiki, kuma rijiyoyin burtsatsen da ya ƙaddamar waɗanda ba su taɓa kawo ruwa ba, shi kansa bai san iyakarsu ba. Laƙabin Injiniya kuwa shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya zaro wata takarda da ta maƙale a firintar ofis. Tun daga ranar, in ka kira shi Malam Lukman sai ya yi kamar da wani kake.

Abu ɗaya Lukman ke nema a duniyar nan, kujerar shugaban mazauna rukunin. Gida ashirin da huɗu ne kacal, kujerar ba albashi ba alawus, sai zagi duk ranar da aka ɗauke ruwa, amma shi ko barci ya kwanta ita yake gani. An sa zaɓe ranar Asabar. Abokiyar takararsa ita ce Madam Justina, tsohuwar nas, mace mai magana ɗaya, wadda rabin yaran rukunin ita ta yi musu allurar farko. Lukman ya san in za a bi ta cancanta bai kama ƙafarta ba, don haka sai ya shiga neman abin da zai yi a gani.

Get ɗin rukunin na lantarki ne, mai tafiya a kan dogo, kowane gida da rimot ɗinsa. Wani Baba Thaddeus ne ya kafa shi shekara goma sha biyar da suka wuce, kafin ya ajiye aiki ya koma gonarsa ta doya a Paikon Kore. Irin rimot ɗin nan ba a sayo shi a danna kawai. Sai an jona shi da kwamfuta ta wani tsohon kebul mai faffaɗan kai da rami tara, a zuba masa lambar get. A ɗakin gadi akwai tsohuwar kwamfutar da Baba ya bari saboda haka, kuma Kure mai gadi, magidanci mutumin Karshi, ya haddace inda ake dannawa.

Ranar Litinin Lukman ya leƙa ɗakin gadi ya tarar da Kure zaune gaban kwamfutar, tana nishi tana tari kafin ta tashi. A gefe ga sababbin rimot huɗu na waɗanda suka tare kwanan nan. Nan take Lukman ya hango kujerarsa. Ya ce abin kunya ne a babban birnin tarayya a ce wannan akwatin ke riƙe da tsaron mutane. Ana cikin haka sai ga baban bola yana wucewa da kurarsa, Lukman ya yafito shi.

"Oga, ka bari in gama huɗun nan tukuna," in ji Kure. "Da tsohuwar zuma ake magani."

"Wannan ba zuma ba ce, gawa ce. Ɗauki can."

Baban bola ya tafi da kwamfuta, ya bar musu robar wanki biyu. Abin da ya rage a ɗakin gadi kwali ne mai kebul biyu da faifai ɗaya.

Kafin la'asar sanarwa ta shiga guruf ɗin rukuni a waya: Gagarumin Shirin Sabunta Get, ƙarƙashin jagorancin Injiniya Lukman. Kowane gida ya kawo rimot ɗinsa, har da ashirin ɗin da ke aiki lafiya ƙalau. Ranar Asabar ƙarfe tara za a ƙaddamar, a raba wa kowa nasa, daga nan a yi zaɓe. Aikin, in ji sanarwar, na minti biyar ne a kwamfutar zamani.

Akwai wayo a cikin wannan tsari, a ba shi haƙƙinsa. Lukman ya san masu son Madam mutane ne masu hidimar Asabar, wannan da ɗaurin aure, wancan da koyon waƙa a coci, waccan da kasuwa. Da sun karɓi rimot za su shiga mota su fice kamar yadda suka saba, taron rukunin bai taɓa cika ba. Su kuwa nasa mutum tara, ba inda za su je matuƙar akwai cincin.

Madam Justina ta tare shi a bakin famfo. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ce masa Injiniya ba.

"Oga Lukman, rimot nawa yana aiki. Abin da bai lalace ba, me za ka gyara?"

"Madam, jaki ma yana aiki, amma ban ga kin hau shi zuwa asibiti ba."

Masu jiran ruwa suka yi dariya, kuma dariyar nan ce ta ci su, don kowa ya miƙa nasa. Na Kure kaɗai aka bari, duk mai fita ko shiga sai ya yi hon.

Ranar Talata Lukman ya fito da tebur tsakiyar rukuni, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, don masu zaɓe su ga aiki da idonsu. Shi ba shi da laftof. Ta matarsa Najwa ya ara, malamar sakandare, sabuwa fil, siririya, cike da makin jarrabawar ɗalibanta. Ya ɗauko kebul ya nemi inda zai soka. Ya duba dama, ya duba hagu, ya kifa ta, ya ɗaga ta sama yana leƙe. Babu inda kai mai rami tara zai shiga. Ya gwada tura shi wata ƙofa da ƙarfi har laftof ta yi ƙara, Najwa da ke tsince wake a baranda ta yi gyaran murya. Ya ce kamfani ne suka manta ba su huda ba, abin da ke faruwa kenan in an bar yara da aiki. Da ya zo sa faifai, nan ma babu ƙofa. Ya ce mantuwar tasu ta yi yawa.

Ya naɗe komai ya tafi wata filaza a Wuse, shagon wani mai kayan kwamfuta, Fortune. Fortune ya juya kebul ɗin a hannu kamar an kawo masa kuɗin da aka daina karɓa. Ya kwashe abin da ke faifan ya zuba a filash, ya ɗauko masa adafta, gefe ɗaya haƙora tara, ɗaya gefen irin bakin da laftof ke karɓa.

"Oga, wannan kebul ya girme ni. Sabon kwamfuta ba ya gane shi, sai an sa masa tsohon direba. Kawo laftof na sa maka, two minutes."

Direba a bakin masu wannan sana'a ita ce 'yar manhajar da ke gabatar da baƙon abu ga kwamfuta. Lukman bai san haka ba, amma ya fi ƙarfin ya tambaya. Ya ce wa Fortune tun yana tsumman goyo shi yake sa direba, ya karɓi kayansa ya fito.

A gindin mangwaro ya jona. Laftof ta yi ƙara ɗaya, ta fito da alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, da rubutu cewa ba ta san wannan abu ba. Mutum bakwai suka sunkuyo. Lukman ya rufe rubutun da yatsa ya yi musu bayani: kamar danja ce ta kan titi, ruwan ɗorawa na nufin a shirya, kore na tafe. Aka zauna jiran kore. Aka yi la'asar aka dawo. Mai rake ya zo ya sayar ya tafi. Da magariba ta kawo jiki Lukman ya ce cunkoso ne a intanet, kowa ya san yadda Abuja take ranar Talata.

Ranar Laraba ya tashi da sabon ilimi. Ya ce ya gano matsalar, adafta ce, 'yar kamasho ce da ta shiga tsakani, kuma shi a mulkinsa ba za a yi da 'yan kamasho ba. Ya sa reza ya datse kan kebul ɗaya, ya datse cajar wayar Najwa, ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Sauran siraran wayoyin da suka rasa abokan aure ya ce na ado ne, ya murɗe su wuri ɗaya ya naɗe da salatif. Ya yi bisimilla ya soka.

Wari ne ya fara zuwa, irin na wurin da ake babbaka ƙafar saniya. Hayaƙi ya biyo baya, siriri, daga gefen laftof. Lukman ya ce kada kowa ya tsorata, tsohuwar lamba ce ke fita. Madam Justina ta je ta ɗauko bokitin yashi ta ajiye kusa da ƙafarsa ta koma. Ita kuwa Najwa, tsalle ɗaya ta yi daga baranda ta fizge wayar. Ƙofa ɗaya ta laftof ta mutu har abada, saura ɗaya. Ta rungume kayanta ta shige, kuma abin da ta gaya masa a ɗaki har 'yan hawa na uku sun ji. Sharaɗinta ɗaya ne: ba zai sake taɓa laftof ba sai ya kira Baba Thaddeus a gabanta.

Ya kwana yana juyi, ranar Alhamis da safe ya kira. Baba na gona, ana jin ƙarar fartanya. Bayan gaisuwa Lukman ya ce ba taimako yake nema ba, musayar ra'ayi ce tsakanin ƙwararru.

"Ina kwamfuta na?" in ji Baba.

"Ta yi ritaya kamar kai, Baba."

Baba ya yi ajiyar zuciya ya faɗi abin da Fortune ya faɗa: a sa tsohon direba, a gaya wa kwamfuta ta ba adafta lamba ɗaya, don shirin rimot ɗin bai san wata ƙofa ba sai ta farko.

"Kuma ka ji da kyau, yaro na. Cikin faifan nan fayil biyu ne. Ɗaya na..."

"Na gani, Baba, na sani. Koma wa doyarka."

Ya kashe waya ya dubi Najwa, ya ce duk abin da tsohon ya faɗa shi ma ya riga ya yi tunaninsa. Da rana ya ja hula har gira ya koma Wuse. Fortune ya sa direba, ya ba adafta lamba ɗaya, alamar ruwan ɗorawa ta ɓace, duka bai kai a sha ruwan leda ba. Lukman na tsaye a kansa yana cewa yauwa, nan, haka ni ma nake yi. Da zai fita ya roƙe shi kada maganar ta fita. Fortune ya ce shi bai san kowa a Garki ba, kuma ba ya fatan sani.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka sake taruwa a gindin mangwaro. Shirin ya buɗe, kuma ga fayil biyu kamar yadda aka ce, ba suna sai lambobi. Ɗaya kwanan watansa shekara goma sha biyar baya, ɗaya goma sha ɗaya. Lukman bai ɓata lokaci ba. Ya ce ko makaho ya san sabo ya fi tsoho. Kure ya ce a doya dai tsohuwa ta fi yin sakwara. Lukman ya ce shi ya sa Kure ke gadi shi kuma yake injiniya.

Ya jona rimot na farko, wani layi ya cika da kore. Wayyo, zo ka ga Lukman. Ya miƙe ya zaga teburin sau biyu, ya sa aka kira waɗanda ke ɗaki. Sau ashirin da huɗu layi na cika, sau ashirin da huɗu yana cewa a duba. Har mutanen Madam suka fara kallon juna, don gani ya kori ji.

Kure ne ya ce, tunda ga get can taku ashirin, a danna ɗaya mana a gani. Lukman ya dube shi kamar ya yi saɓo. Ya ce shekararsa goma sha huɗu a aikin gwamnati bai taɓa ganin an taɓa aiki kafin a yanka ƙyalle ba. In aka gwada yau, gobe me za a ƙaddamar, kwantai? Wannan cin fuska ne ga babban baƙo. Ya sa kowane rimot a ambulan, ya rubuta sunan gida, ya liƙe da yawu.

Asabar ta zo. Aikin da Lukman ya iya ne, kuma ya yi shi da kyau: rumfa a bakin titi tana fuskantar get, kujeru layi huɗu, teburin cincin da jarkar zoɓo, laftof da kebul ɗin da ya rage a kan wani tebur mai labule don tarihi. Shi kansa ya fito cikin farar babbar riga da jar dara. Babban baƙo shi ne shugaba mai barin gado, dattijon da kunnensa ya yi nauyi. Ƙarfe takwas da rabi aka sa Kure ya rufe get, aka gicciya jan ƙyalle, mutane suka fito ta ƙaramar ƙofa. Motoci duk suna ciki, wasu har an juya hancinsu waje. Sai Lukman ya miƙa wa Kure hannu ya ce kawo naka. Kure ya ɓoye shi a baya. Lukman ya ce a mulkinsa ba za a bar talaka a baya ba, ya ƙwace, ya jona, layi ya cika da kore. Kure ya koma kan bencinsa ya yi tagumi.

Jawabin Lukman ya ci minti arba'in. Ya faro daga zamanin da ake rufe ƙofa da kara, ya bi ta Japan, ya sauka a kansa. Aka raba ambulan. Dattijo ya yanka ƙyalle. Lukman ya ce kowa ya ɗaga rimot, in ya ƙirga uku a danna tare.

Aka danna. Get bai ko motsa ba.

Wani gurnani dai ya tashi, amma daga bayansu. Lukman bai waiwaya ba, ya ce a sake, da ƙarfi, an daɗe ba a yi ba ne. Aka sake. Gurnanin ya tsaya, ya koma, ya dawo. Madam Justina ce ta fara juyawa, sannan kowa.

Tsallaken ɗan siririn titin gidan Hajiya Iyatu ne, tsohuwar hedimistires, wadda ta mai da filin gidanta wurin kiwon talotalo. Disamba ce, ta tara arba'in ƙosassu tana jiran masu Kirsimeti, kuma kowace safiya takan sake su su sha rana a tsakar gida. Get ɗinta ne ke tsaye a wangale. Talotalo suka leƙo, suka ga titi, suka ga cincin.

Wanda bai taɓa ganin talotalo arba'in sun tsallaka titi a guje ba, bai ga tashin hankali ba. Kujeru suka kife. Mata suka tattare zane, maza suka manta girma, ƙafa me na ci ban ba ki ba, ga ƙaramar ƙofa ba ta ɗaukar mutum biyu. Wasu don ruɗewa suka ci gaba da danna rimot, get ɗin Hajiya na kai da komo yana ƙara koro na baya. Mazan talotalo kuwa ba sa shiri da jan abu, ga kuma jar dara tana yawo a tsakiyar fili. Uku suka yi kan Lukman. Ya ja da baya ya faɗa kan teburin zoɓo, jarka ta juye masa, farar riga ta koma ja tun daga wuya, sai uku suka zama goma. Najwa ta tsallake mijinta ta ceci laftof. Kebul ɗin ya harɗe a ƙafar wani ƙaton namijin talotalo, ya ja shi har tsakiyar titi, wata tasi ta bi ta kan faffaɗan kan nan ta mai da shi gari. Dattijo mai barin gado na zaune inda yake yana tafi, a zatonsa cikin tsarin biki ne.

Sai ga Hajiya Iyatu da tsintsiya a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, shekara talatin tana tsayar da yara dubu da kallo. Ta dubi get ɗinta, ta dubi hannayen mutane, ta karɓi rimot daga na kusa da ita ta danna. Get ɗinta ya rufe. Ta karɓi wani ta danna, ya buɗe. Wurin ya yi tsit, ban da talotalo.

"Wane ne ya raba wa gida ashirin da huɗu makullin gidana?"

Duk idanu suka koma kan Lukman. Lukman ya miƙe yana ɗigar zoɓo, ya gyara abin da ya rage na rigarsa.

"Hajiya, in aka duba ta fuskar fasaha, aiki ya yi. An danna, get ya buɗe."

"Na wa?"

"Wannan ƙaramin bayani ne."

"Kai ɗan gidan wa ne?"

"Injiniya ne, Hajiya."

"Ban tambaye ka cutar da ke damunka ba."

Madam Justina ta kira Baba Thaddeus ta sa a sifika. Baba ya ce ai shi ya kafa wa Hajiya nata get, shekara huɗu bayan na rukuni, inji iri ɗaya, shi ya sa fayil biyu. Sabon na Hajiya ne. Ya so ya faɗa, aka ce ya koma wa doyarsa, ya koma. Aka tambaye shi gyara. Ya ce da sauƙi, a jona kebul a zuba tsohon fayil. Kowa ya dubi tsakiyar titi. Baba ya ce to a ɗauko ɗan makullin da ke sakin inji a tura get da hannu. Kure daga kan benci ya ce makullin a bayan tsohuwar kwamfuta yake ɗaure da zare. Baba ya sake yin ajiyar zuciya. Ya ce yana jin akwai wani kebul a cikin wani buhu, in ɓera bai riga shi ba, amma yau da gobe yana haƙar doya, sai Litinin.

Hajiya ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya ta tattara rimot duka a haɓar zanenta. Sannan ta ce wanda ya saki talotalo shi zai kamo su, arba'in ta sani, arba'in take jira. Rana ta take Lukman na bin talotalo a Garki, ƙarƙashin motoci, bayan shagon mai aski, cikin kwata. Biyun ƙarshe manya ne, ya kamo su a bakin babban titi, ya taho da ɗaya a kowace hammata, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Hajiya ta ce ya tsaya nan ya riƙe su sai ta gama kora sauran cikin keji, kuma in ya saki ko ɗaya, da hukuma za su yi magana.

A nan Madam Justina ta dubi agogo. Ɗaurin auren da za ta je a Karshi ya riga ya wuce ta. Mai koyon waƙa na nan, mai kasuwa na nan, duk mai mota na nan yana huci. Ta ce tunda Allah ya tara su, karo na farko cikin shekara tara gida ashirin da huɗu sun cika, ai sai a yi abin da ya kawo su. Aka tayar da kujeru. Aka ba Najwa biro ta rubuta sakamako, don ita ce malama. Gida ɗaya, hannu ɗaya.

Aka kira sunan Madam, hannaye suka tashi kamar dawa a gona. Lukman ya leƙa ta saman fukafukai yana neman mutanensa tara, ya same su duka, hannuwansu sun fi na kowa tsawo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa.

Aka kira sunansa. Ya yunƙura zai ɗaga dama, talotalo ya zille, ya matse shi da sauri. Ya gwada hagu. Daga bakin get ɗinta Hajiya ta ce, "Ka kuskura." Ya nemi a karɓi gyaɗa kai. Dattijo, bayan an maimaita masa a kunne, ya ce doka ta ce hannu, kuma in bai manta ba Lukman ne ya tsaya kai da fata bara sai an rubuta haka. Lukman ya juya wajen matarsa ya yi ƙasa da murya.

"Maman Hanifa, ɗaga mana na gidanmu."

"Rubutu nake."

"Na hagun fa?"

"Yana riƙe da laftof, Abban Hanifa. Ka san ba na sake ta yanzu."

Ta karanta sakamako a fili: Madam Justina ashirin da uku, Lukman babu. Dattijo ya tambaya ko akwai mai magana kafin a rufe. Ba wanda ya motsa. Sai talotalon hammatar dama ya miƙa wuya sama iya tsawonsa, ya saki kuka.

Dattijo ya gyara tabarau ya dube shi da kyau, sannan ya juya wajen Najwa.

"Wancan ba mazaunin rukuni ba ne," in ji shi. "Kada a ƙirga."